180 ko 190? Rim ɗinka ne zai faɗa maka girman tayar baya

Duk wanda ya mallaki babban babur a Akra, R6 ne ko GSX-R ko tsohuwar CBR da ta sauka a Tema cikin kwantena, ba ya daɗewa sai maganar tayar baya ta taso masa. Ita ce ke fara ƙarewa, domin ita ke sauke ƙarfin inji a ƙasa, kuma ita ce ta fi tsada a cikin biyun. Ita ce kuma ido ke fara sauka a kanta idan ka faka a bakin titin Nima da yamma, to daga nan rigimar take farawa. Mutum zai tafi Abossey Okai, kasuwar kayan gyara, da niyyar sayen irin wadda ya cire, sai ya hango wata ƙatuwa a jingine, mai shago ya ce masa, "Alhaji, wannan za ta shiga, kuma ta fi kama ƙasa." Rabin maganar sau da yawa gaskiya ne, za ta shiga ɗin. Ɗaya rabin ne ke da gyara.

A gefen kowace taya akwai rubutu irin wannan: 180/55 ZR17 M/C 73W. Lambar 180 faɗin tayar ne da milimita. Ita kuwa 55 kaso ce: tsayin tayar daga bakin rim zuwa inda take taka ƙasa kashi 55 cikin 100 ne na faɗin, wato milimita 99. Harafin R na nuna ginin radiyal ne, Z kuma ajin masu babban gudu. Lambar 17 girman rim ne da inci, M/C na nufin ta babur ce. Sai 73, lambar nauyi, kilo 365 ke nan, W kuma gudun kilomita 270 a awa, idan ka ga an sa 73W ɗin a cikin baka to ta zarce haka. Yawancinmu lambar farko kaɗai muke riƙewa, ka ji ana "ni 180 nake sawa", "ni na koma 190". Alhali ta biyun ta fi canza tafiyar babur, sannan akwai wata lambar da ta fi su duka muhimmanci, wadda ba a jikin tayar take ba sam.

A jikin rim take. Ka tsuguna, ka samu tsumma ka goge ƙura da man sarƙa da suka daskare a kan rim ɗin baya, za ka ga an zana wani abu kamar 17 x MT5.50. Wannan 5.50 faɗin rim ɗin ne da inci, kuma a kansa kamfani ya zaɓi tayar da babur ya fito da ita. Ƙananan irin su Yamaha R3 da Ninja 300 suna da rim ɗin inci 4 da taya 140/70, Ninja 400 da KTM 390 kuma 150/60 a kan inci 4 ɗin dai. Tsohuwar Suzuki SV650, Ninja 650 da CBR500R inci 4.5 ne da 160/60. Masu injin cc 600 na gudu, R6, CBR600RR, ZX-6R, GSX-R600 da yayansa 750, har da MT-07 da MT-09, duk inci 5.5 ne da 180/55. Yawancin masu 1000 da Hayabusa inci 6 ne, da 190.

Za ka ce me ya sa ba za ka kwafi lambar tsohuwar tayar kawai ba. Dalili shi ne yawancin manyan baburan garin nan na hannu ne. Sun ratsa hannun mutum biyu ko uku a Japan ko Amurka ko Turai kafin su hau jirgi, a nan ma wani ya riga ka hawa. Ba ka san wanda ya sa abin da ya samu a lokacin da aljihunsa ya yi sanyi ba. Wani babur ɗin ma haɗari ya yi, aka canza masa ƙafar baya sukutum da ta wani samfurin. Kamfani yakan liƙa takarda a jikin ƙarfen da ke riƙe da ƙafar baya ko a kan murfin sarƙa, mai ɗauke da girman taya da yawan iska. In tana nan, ita ce hujjarka. In rana da wanki sun cinye ta, littafin babur ɗin yana intanet, sunan samfuri da shekara kawai za ka rubuta. Ka gwama abin da littafi ya ce da abin da ke zane a jikin rim, in sun saɓa to an yi canji, kuma rim ɗin da ke ƙasa shi za ka bi.

Abin da ke faruwa idan taya ta fi ƙarfin rim

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A maganar taya dai ido yana yaudara, domin abin da yake gani daga baya, wato faɗi, ba shi ne ke taɓa kwalta ba. Tayar babur zagaye take da shi saboda babur kwanciya yake yi a kwana, kuma ɗan ƙaramin wuri ne ke taka ƙasa a kowane lokaci. Siffar wannan zagayen ita injiniyoyi suka fi shan wahala a kai, kuma faɗin rim ne ke riƙe ta.

Ka ɗauki silifa ka matse gefenta biyu da yatsu, za ka ga tsakiyar ta tashi, gefunan sun lanƙwashe ƙasa. Haka taya mai 180 take yi idan aka tilasta ta a kan rim ɗin inci 4.5 da aka yi domin 160. Bakinta biyu sun matso kusa fiye da yadda aka ƙera ta, sai tsakiyar ta yi tsini, gefunan su miƙe tsaye har ba za su taɓa ƙasa ba komai kwanciyar da ka yi. Ka biya kuɗin ƙarin roba milimita 20, robar kuwa tana can gefe tana kallon kwata. Tsakiyar da ta rage ita ke shan duk wahalar, sai ta suɗe da wuri. A kwana kuma babur ya daina yin abin da ka saba, ya yi maka gardama da farko, sannan ya faɗa ciki farat ɗaya. In aka juya, aka sa siririya a kan rim mai faɗi, sai ta baje, ka kai ƙarshen zanenta tun babur bai kwanta sosai ba.

Ko da rim ɗin ya ɗauka, faɗi yana da nasa haraji. Taya mai faɗi ta fi nauyi, nauyin kuma a wuri mafi muni yake, yana juyawa, kuma yana ƙasan shoka, don haka inji da birki da shoka duk sai sun ƙara aiki. Sannan idan babur ya kwanta, wurin da ke taka ƙasa yakan matsa daga tsakiya zuwa cikin kwanar, kuma gwargwadon faɗin taya gwargwadon nisan matsawar. Sakamakon shi ne mai faɗin taya sai ya ƙara kwanciya kafin ya sha kwanar da mai siririya ya sha da gudu iri ɗaya. Shi ya sa a hawan Aburi, daga Ayi Mensah zuwa Peduase, yaron da ke kan ƙaramin babur in ya iya hannu yakan manne wa masu 1000 a kwanoni, sai an miƙe su bar shi.

To me ya sa manyan suke da faɗi? Saboda ƙarfi da zafi. Sabuwar BMW S1000RR tana da ƙarfin doki sama da 200, dole a ba ta robar da za ta jure wannan turin ba tare da ta dahu ba. R3 kuwa doki 42 ne. Abin da ke kare babbar daga zamewa, a kan ƙaramar kaya ne kawai za ta ɗauka. Ka lura ma da gaba: daga 600 har 1000, kusan kowa 120/70 yake sawa, ba wanda ya ga dalilin ƙarawa.

Akwai kuma maganar wuri. Na taɓa tsayawa a garejin wani fita, aka turo wani GSX-R da aka cusa wa 200, mai shi yana cewa, "Masta, wata ƙara nake ji a baya in na buɗe wuta." Masta bai ko kunna shi ba. Ya zagaya hagu, ya nuna wani layi mai sheƙi da ya zagaye gefen tayar, ya sa yatsa a ƙarƙashin murfin sarƙa ya lakato baƙin garin roba. Ya ce, "Ɗan'uwa, sarƙarka ce ke aske maka taya." A tsaye akwai 'yar tazara tsakaninsu, shi ya sa wanda ya ɗaura bai ga komai ba. Amma taya tana kumbura in ta yi zafi ana gudu, sarƙa kuma tana kaɗawa hagu da dama. Ƙari a kan haka, lambar da ke jiki ba awon tela ba ce, 190 ta wani kamfani takan fi 190 ta wani faɗi da 'yan milimita.

Kowa da ajinsa

Masu ƙananan babura su suka fi jin ƙaiƙayin ƙara girma. Canjin da aka fi yi shi ne daga 140/70 zuwa 150/60, kuma rim ɗin inci 4 yana ɗaukar duka biyun, don haka ba ɓarna ba ce. Sai dai ka yi lissafi. Tsayin 140/70 gaba ɗaya wajen milimita 628 ne, na 150/60 kuwa 612. Wato ka samu faɗi milimita 10 amma bayan babur ya sauka da milimita 8, sitiyari ya ɗan yi nauyi, robar da ke tsakanin rim da rami kuma ta ragu. A ganina, mai R3 ko Ninja 300 in yana da kuɗin gyara, ya bar girman yadda yake ya koma radiyal mai kyau gaba da baya, domin da yawa daga cikinsu da tayoyin tsohon gini, waɗanda ba radiyal ba, suka fito. Bambancin da zai ji ya fi na milimita 10 nesa ba kusa ba. Kada dai ya haɗa radiyal a baya da tsohon gini a gaba, sai in kamfanin babur ɗin ne ya ce a yi.

Masu 160/60, maganarku gajeriya ce. Ku zauna inda kuke. Rim ɗinku ba ya ɗaukar 180, duk wanda ya ce yana ɗauka to tayar yake son sayarwa.

Masu 600 su ke da ɗan zaɓi. Wasu kamfanonin taya sun yarda a sa 190/55 a kan rim ɗin inci 5.5, wasu samfuran kuma a'a, kowane kamfani yana da jadawalin da ke nuna rim ɗin da kowane girma ya halatta. Masu tsere a fili sukan sa 180/60, girman da Ducati Panigale 899 da 959 suka fito da shi, wadda ta fi 180/55 tsayi da milimita 18. Amma wannan lissafin masu neman daƙiƙa ne, waɗanda za su sake saita shoka gaba da baya su dace da ita. Mai hawa daga Madina zuwa Kasoa ba abin da 190 za ta ƙara masa sai kuɗi da nauyi. Kuma 180/55 tana da wata falala da ba a cika faɗa ba: tana cikin girman da aka fi ƙerawa a duniya, kusan kowane samfurin taya yana da ita. Ranar da ƙusa ta yaga maka taya a hanyar Kumasi, ita ce ka fi sa ran samu a Suame Magazine, unguwar garejoji da kayan gyara ta Kumasi, ba tare da ka kwana uku kana jira ba.

Inda zaɓi na gaskiya yake: 50 ko 55

Mai rim ɗin inci 6 shi ne ke da tambaya mai ma'ana, kuma ba a kan faɗi take ba. Duka biyun 190 ne. Tsofaffin masu 1000 da 190/50 suka fito, haka Hayabusa. Daga baya kamfanoni suka riƙa komawa 190/55: Yamaha R1 a 2009, GSX-R1000 a 2017, S1000RR kuwa da ita ta fara. Mai tsohon babur yana iya tsayawa a kan 50 ko ya bi sahu.

Ga lissafin. Gefen 190/50 milimita 95 ne, na 190/55 kuwa 104.5. Tsayinsu gaba ɗaya 622 da 641, bambancin milimita 19, wajen kashi 3 cikin 100. Rabin wannan, milimita 9.5, shi ne yadda bayan babur zai tashi. Ƙaramin abu ne a takarda, amma a hannu ana jin sa tun kwanar farko.

Ita 50 ta fi shimfiɗa. Babur yakan zauna daram a miƙaƙƙiyar hanya, ya shiga kwana a hankali sai ka tura shi. Mai gajeren ƙafa ya fi samun ƙasa a danja, kuma duk wanda ya taɓa tokare Hayabusa da yatsun ƙafa a cunkoson Kaneshie ya san milimita 9 ba wasa ba ne. Ita kuwa 55 ta fi tudu a tsakiya, gefunanta sun fi faɗi, don haka in babur ya kwanta ya fi samun robar takawa. Tashin bayan kuma yana sa gaba ya ɗan duƙa, sitiyari ya yi sauƙi, babur ya riƙa juyawa da wuri. Kuɗin da za ka biya shi ne ɗan raguwar natsuwa a babban gudu, kuma babur ɗin da dama can kansa ke rawa in an buɗe wuta a kan gargada zai iya ƙarawa.

A titunanmu akwai hujjar da mai hawa a Jamus ba zai kawo ba, wato rami. Bayan ruwan Yuni, hanyar da ka sani jiya ba ita ce yau ba. Gefen taya shi ne katangar ƙarshe tsakanin bakin rami da rim ɗin alminiyon, kuma rim ɗin babban babur in ya lanƙwashe ko ya tsage, neman wani a Akra aiki ne, kuɗinsa kuma ya isa ya sa ka ajiye babur ɗin wata guda. Ƙarin milimita 9.5 ba zai cece ka daga kowane rami ba, amma yana rage duka, a kan tudun rage gudu ma bayanka zai gode maka. Saboda wannan, in littafin babur ɗinka bai hana ba kuma akwai tazara tsakanin taya da madigadi da shoka, ni 55 zan zaɓa. Mai Hayabusa da yawancin tafiyarsa doguwa ce a miƙe, da goyo a baya, ya tsaya a kan 50 da aka ƙera babur ɗin a kanta, bai yi asarar komai ba.

Kashi 3 ɗin nan yana taɓa wasu abubuwan. Tayar da ta fi tsayi tana cin ƙasa da yawa a kowane juyi, kamar ka rage haƙori ɗaya ne da 'yan kai a farantin sarƙa na baya, sai tashi ya ɗan yi sanyi. In agogon gudunka daga giya ko ƙafar baya yake karatu, zai riƙa nuna ƙasa da abin da ya saba: inda a da 100 ke nufin 100, yanzu kana kan 103. Babban abin lura shi ne baburan zamani masu ABS, wato na'urar hana birki ƙame taya, da na'urar hana taya zamewa. Waɗannan kwatanta juyin ƙafar gaba da na baya suke yi, daga nan kwamfuta ke gane an fara zamewa. In ka canza tsayin ɗaya, ka canza mata ma'auni, sai ta shigo da wuri ko ta makara. Wasu samfuran Ducati da Aprilia suna da wurin sake saita ta bayan canjin taya. In naka ba shi da shi, ka tsaya a kan girman littafi, maganar ta ƙare.

Ita kuwa 200/55, tsayinta 652, rim ɗin inci 6 yana ɗaukar ta, kuma Panigale 1199 da ita ta fito. A kan babur ɗin da aka yi domin 190/50 kuwa, tsalle ne na milimita 30. Ado ne mai tsada, ga wahalar samu.

Roba ta fi lamba

In da za a ce in zaɓa tsakanin girman da ya fi da robar da ta dace, robar zan ɗauka. Riƙon da mutane ke nema a faɗi, a nan yake. Taya 180 mai sabuwar roba ta fi 200 da ta bushe.

Iri uku za ka tarar. Akwai na fili irin su Pirelli Supercorsa, zanensu kaɗan ne, suna son zafi sosai kafin su kama, kuma ba sa daɗewa. Akwai na gudu a titi, irin su Diablo Rosso, Bridgestone S22 da Michelin Power. Sai na doguwar tafiya, Michelin Road 5 da Road 6, Pirelli Angel GT, Bridgestone T32, Metzeler Roadtec, masu zane da yawa da sinadarin silika da ke taimakawa a jiƙaƙƙen titi. Yawancin na zamani roba biyu gare su, mai tauri a tsakiya, mai laushi a gefe.

Ka tambayi kanka inda kake hawa. Hanyar Akra zuwa Tema, wadda aka buɗe a 1965 zamanin Nkrumah, kilomita 19 ce a miƙe. Daga Akra zuwa Kumasi wajen kilomita 250 ne, mafi yawansa babur a tsaye yake. Cikin gari kuwa danja ce da cunkoso da birki. Duk wannan tsakiyar taya yake ci. Tayar fili a irin wannan rayuwa takan baje a tsakiya tun gefunanta suna sababbi ful, kuma da ta baje duk lissafin 50 da 55 da muka yi ya tashi a banza, domin siffar ta tafi. Ka haɗa da damina biyu a shekara, da man dizil da motocin haya na torotoro ke ɗigarwa a tashoshi, da yashin da ruwa ke kwasowa ya zube a bakin kwana, da ƙurar hunturu da ke kwanciya a kwalta ta zama santsi da yayyafin farko. Ga mafi yawan masu hawa a garin nan, tayar doguwar tafiya ce ta dace, ko da a kan R1 ne. Wanda Aburi ce sana'arsa duk Lahadi da safe, ya ɗauki ta tsakiyar. Ta fili a bar wa fili.

Masu sauƙin kuɗi irin su Shinko, CST da Maxxis suna nan. Sabuwarsu mai girman da ya dace ta fi tsohuwar babban suna da ba ka san tarihinta ba. Ka dai duba lambar nauyi da harafin gudu kada su gaza na littafi. Harafin H kilomita 210 ne, ya ishi ƙaramin babur, bai ishi 600 ba.

Ta hannu, da yadda ake duba ta

Kuɗin sabuwar taya da sidi ba ƙarami ba ne, shi ya sa kasuwar na hannu take ci. Ba zan ce kada ka saya ba, amma araha ba ta ado, ka san abin da kake dubawa. Nemi rubutun da ya fara da DOT, ka je ƙarshensa, akwai lambobi 4. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, kuma wadda ta kwana a rana a bakin shago ta fi saurin bushewa. Michelin da kanta cewa take yi in taya ta kai shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai 10 a cire ko da zane. A zafin nan namu, ni ba zan sa kuɗina a kan ta hannu da ta haura 5 ba. Wannan dubawar har sabuwa ta shafa, domin akwai wadda ba a taɓa ɗaurawa ba amma ta tsufa a sito.

Sa farce ka danna robar, in ta yi tauri ba ta nutsa, ajiye. Buɗe ramukan zanen ka nemi ƙananan tsaga. Leƙa ciki da tocilan wayarka, ka shafa da hannu, kana neman faci, musamman kusa da gefe, inda ba a yarda a yi wa taya faci ba. Duba bakin da ke kama rim ko ƙarfen cirewa ya yage shi, domin marar tub daga nan take sace iska. A cikin ramukan zanen akwai 'yan tudu da ke nuna iyakar ci, in roba ta zo daidai da su ta gama aiki.

Akwai wata iri da ke ruɗin mutane. Tsakiyarta kamar sabuwa, gefunanta sun yi kaushi da dunƙulen roba, wani lokaci da ɗan shuɗi-shuɗi. Wannan daga filin tsere ta fito. Mai shago zai ce, "Yallaɓai, dubi tsakiya, ko taɓa ta ba a yi ba." Gaskiya ne, amma ta sha zafi ta huce sau da yawa, robar ta canza, kuma a ruwa ba ta da amana. In ka ga NHS a jikinta, ba a yi ta domin titi ba ma gaba ɗaya.

Gaba da baya kuma, in hali ya yi, su zama samfuri ɗaya, domin an ƙera zagayensu ne su yi aiki tare. In aljihu bai kai ba, aƙalla su zama aji ɗaya.

Ranar ɗaurawa kada ka bar babur ka tafi cin waakye. Tsaya a kai. Ba kowane mai faci ne ya saba da rim ɗin alminiyon ba, wanda ya saba da Boxer da ƙafar torotoro zai sa ƙarfe ya kankare maka fenti, wani lokacin har ya lotsa baki. Nemi mai injin cire taya, ko wanda ke sa kariya a bakin rim. Ruwan sabulu ake shafawa, ba baƙin mai ba. Akwai kibiya a gefen tayar da ke nuna inda za ta juya, ka gani da idonka kafin a hura, domin ana juya ta fiye da yadda kake zato. A canza bawul, a yi balans, a daidaita alamomin jan sarƙa hagu da dama, sannan a juya ƙafar da hannu ka duba tazarar da ke tsakanin taya da sarƙa da kowane ƙarfe.

Iska kuma da sanyi ake aunawa, kafin ka hau. Yawancin manyan baburan Japan PSI 36 a gaba da 42 a baya, a ma'aunin iska, littafinsu ke cewa, ƙananan kuma ƙasa da haka, don haka bi takardar naka. Sayi gejinka na aljihu, na bakin titi kowanne da abin da yake karantawa. Sabuwar taya tana da santsi, kamfanoni kan ce a lallaɓa ta wajen kilomita 160 na farko, ana ƙara kwanciya kaɗan-kaɗan, ba birkin gaggawa ba fizgar wuta. Bayan nan ka sake auna iska, ka sake duba sarƙa, in ka canza girma kuma ka leƙa gefen hagu na tayar ko wani abu ya fara gogar ta.